Bature na tambayar bishiyar da ƙarona ya fito: muhawara a Zauren Fatake, daga Gaundare zuwa Njamena

Mai Ƙaro (Njamena): Assalamu alaikum jama'ar zaure. Ina da magana da nake so manya su sa baki. Shekarata 14 ina harkar ƙaro, yawanci daga wajen Durbali da Gera nake ɗaukowa, in sa mata su tsince, in ɗura a buhu, in miƙa wa masu fitarwa ta Duwala. Bana wanda muke hulɗa da shi ya turo min takarda shafi tara da Faransanci. Wai kowane buhu sai an san ƙauyen da ya fito, wa ya tsaga bishiyar, ko akwai yara cikin masu tsinka, ko an sa wa dajin wuta. Har da cewa a sa alamar wurin a taswira da waya. Ya ce masu saye a Turai yanzu ba sa son kayan da ba a san asalinsa ba, in na cika sharuɗɗan za a ƙara min wani abu a kilo. Na ce nawa? Ya ce za a duba. To don Allah, wannan kare muhalli da suke ta faɗa, gaskiya ne ko wata sabuwar hanyar karya farashi ce?

Direban Kamiyo (Kusiri): Wa alaikumus salam Alhaji. Ni dai dariya abin ya ba ni. Buhun da aka ce bai cutar da muhalli ba, ni ke ɗaukar shi daga gadar Ngeli har tashar jirgin ruwa ta Duwala, tafiyar da ta kai kilomita 1,800. Motar da nake ja ta girme ni, a Turai ta gama rayuwarta suka tallato mana ita. In na hau tudun nan na kafin Gaundare, hayaƙin da take fitarwa mai babur na bayana ba ya ganin gabansa. A takardar tasu akwai shafin da ya tambayi hayaƙina?

Mai Ƙaro (Njamena): Babu, ƙanena. Kai ba su san da zamanka ba.

Baba Manomi (Gidar): Alhaji, bari in ba ka labarin namu, don mu masu auduga mun riga ku shiga wannan rijiya. Akwai shiri da ake kira Cotton made in Africa, wata gidauniya ce a Hambug ta Jamus ke tafiyar da shi, kuma audugar Kamaru na ciki. Sharuɗɗansu ba su da laifi: kada a sa yara aikin da zai hana su makaranta, mace mai ciki ba ta feshi, akwai magungunan ƙwari masu haɗari da aka hana, galan ɗin magani ba a zuba ruwan sha a ciki. An koya mana, mun ji, kuma ni shaida ne an rage ciwon kai da jiri bayan feshi tun da muka fara rufe hanci da sa doguwar riga.

Amma ga inda gizo ke saƙa. Ɗan ƙanwata da ke Faransa ya turo min hoton riga 'yar shara, an manna mata takarda wai audugar Afirka ce da aka noma ba tare da ɓata ƙasa ba, kuɗinta yuro 30, wato kusan jaka ashirin. Na zauna na yi lissafi. In aka gurje kilo 100 na audugarmu, abin da ake samu mara gurya bai fi kilo 42 ba. Riga irin wannan ba za ta ci fiye da kashi biyu cikin uku na kilo na audugar da na kai sikeli ba. Kilo kuwa wajen sefa 300 ne. Ke nan rabona a rigar jaka ashirin bai wuce sefa 200 ba, kuma cikin 200 ɗin nan za a cire bashin taki da na magani. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Baƙon Turai (Liyon): Baba, lissafinku daidai ne, amma a yi musu adalci. Shirin nan bai taɓa cewa zai ƙara wa manomi kuɗin kilo ba. Kamfanonin tufafi ne ke biyan kuɗin amfani da tambarin, kuɗin kuma ya tafi wajen horarwa. Sannan a nan ma ba kowa ke sayen rigar yuro 30 ba. Ku zo ku ga layi a shagunan araha. Talakan Faransa ma farashi yake dubawa kafin tambari.

Baba Manomi (Gidar): To ai shi ne nake faɗa, ɗana. Horo na gode, amma ba a kai shi kasuwa a auno gero.

'Yar Jami'a (Marwa): Ina gaida iyaye. Alhaji Mai Ƙaro, ina ganin tambayar da aka yi muku tana da tushe biyu. Na farko yaƙin Sudan. Ita ce ta fi kowace ƙasa fitar da ƙaro, Chadi na biye da ita, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ƙaron Sudan ke tsallakowa ta iyakoki ba takarda. Kamfanonin lemo da alewa da magani, waɗanda ke rubuta shi E414 a jikin kwalba, suna tsoron a ce kuɗinsu ya shiga hannun masu bindiga. Don haka suke son sanin naku na Chadi ne da gaske. Na biyu, a 2023 Tarayyar Turai ta yi dokar hana shigo da kayan da aka sare daji don samar da su bayan 31 ga Disamban 2020. Ta shafi koko, kofi, manja, roba, waken suya, katako da shanu. An ɗage fara aiki da ita, amma manoman koko na kudancin Kamaru tuni ake bi gona-gona ana auna musu iyaka da waya. Ƙaro ba ya cikin jerin, sai dai in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta ka san abin yi.

Abin da ke damuna shi ne mu kanmu. Kowa a zauren nan zai ce yana son muhalli mai tsabta, amma in aka je kasuwa, ko dala biyar aka ƙara a kan abin da ba ya gurɓata ƙasa, sai mu koma wa leda da gawayi. Ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba.

Inna Mai Ƙosai (Garwa): 'Yata, tsaya nan. Kin taɓa soya ƙosai tun asuba? Ni shekara 22 ina bakin titi a Yelwa. Kin ce ba mu ɗauki abin da muhimmanci ba. Hayaƙin itacen nan idona yake shiga, ba naki ba, likita ya ce shi ya ɓata min gani. Wa ya fi ni son gas? Babbar tukunya a hukumance jaka shida da rabi ce, amma sai kin fara sayen tukunyar kanta da murhun, kuma ranar da ya ƙare tsakiyar suya ba wanda zai sayar miki na sefa 200. Itace kuwa na 200 ma ana ba ni, har bashi. Talaka ba araha yake bi don jahilci ba, abin da ke hannunsa yau shi yake iya kashewa yau.

Leda kuma, a 2014 aka ce an hana mai shara-shara a Kamaru, wadda kaurinta bai wuce mikiron 60 ba, mun ji a rediyo. Aka bi kasuwa ana ƙwacewa. Me aka kawo mana a madadinta? Mai kauri, wadda kuɗinta ya ninka. Wanda ya sayi ƙosan sefa 50 zan ce masa ya ƙara 25 na leda? Bayan 'yan watanni baƙar ledar ta dawo ta hanyar da zuwa-zuwa, man fetur ɗin fasa-ƙwauri na Najeriya, ke shigowa, kowa ya yi shiru.

'Yar Jami'a (Marwa): Ki gafarce ni Inna, ban nufi raini ba. Bakina ne ya yi sauri.

Inna Mai Ƙosai (Garwa): Ba komai, Allah ya yi miki albarka. Karatun ne da zafi.

Mahauci (Marwa): Inna ta faɗi gaskiya, amma yarinyar ma ba ta yi ƙarya ba. Ni ne ke buɗe tumbi. Sati ba ya wucewa ban ciro dunƙulen leda daga cikin akuya ko saniya ba, wani ya murɗe kamar igiya, wani sai ka sa hannu biyu. Dabba tana ci tana ramewa, mai ita na ta sayen maganin tsutsa, ashe leda ce ta cika ciki. Ragon layyar wani maƙwabcinmu haka ya tafi ana saura kwana shida salla. Ledar da ya karɓa kyauta a wajen mai tumatir ita ta ci masa rago sukutum. Kuma ku je ku leƙa kogin Mayo Kaliyawo da rani, yashi ya koma baƙi da shuɗi. In ruwan farko ya sauka duk ta toshe kwalbatoci, sai a ce ambaliya daga Allah ce. Daga Allah ce, amma da hannunmu a ciki.

Mu da muka tashi, nama a takardar siminti ake naɗe shi, mai fura da ƙwaryarta, uwa ta aike ka kasuwa da kwando ko lefe. Ba wanda ya kira wannan kare muhalli, rayuwa ce kawai. Yanzu yaro ya riƙe kwano zuwa sayen wake sai a ce ɗan ƙauye ne.

Hajiya Mai Atamfa (Gaundare): Wannan kalma ta ɗan ƙauye ita ce cutar. Ina sayar da atamfa, na san idon masu saye. Audugarmu mafi yawanta ɗanye take fita, ta tafi Asiya, ta dawo mana zane mai sheƙi da rabinsa roba ne, wanki uku ya koɗe. Ga gwanjo kuma dila-dila daga Turai. In na ajiye wa mace saƙi na hannu ko zanen auduga zalla, sai ta shafa ta ce ya yi nauyi, ya yi tsada. Amma fa in 'yar wani babba ta sa shi a biki aka ɗauka a waya, washegari sai an zo nema. Mutanenmu ba wa'azin muhalli ke motsa su ba, yayi ne.

Tsohon Ma'aikaci (Njamena): Ku bar ni in tuna muku abin da muka gani a nan, don yaran zauren ba su san shi ba. Ƙarshen 2008 zuwa farkon 2009 gwamnatin marigayi Idriss Deby ta hana gawayi da ɗanyen itace shiga Njamena, saboda dajin da ke kewaye da birnin ya ƙare. Niyya mai kyau ce, duk wanda ya bi hanyar Masaguet a lokacin ya san bishiya ta zama abin kallo. Amma an hana ne kafin gas ya wadata. A gidana da kashin shanu da ƙodagon goruba aka yi girki, wasu kujerunsu suka fasa. Sai daga baya, da aka sa wa ƙaramar tukunya mai kilo 6 tallafi, matatar Jarmaya kuma ta fara aiki a 2011, mata suka rungumi gas da kansu. Yau in gas ya yi ƙaranci ku ga layin tukwane, ba mai cewa a dawo masa da gawayi don yana ƙaunarsa.

Leda ma a 2010 magajiyar gari Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta tsaya tsayin daka, aka daina ganinta a kasuwa, mutanen Kusiri na tsallakowa suna mamakin titunanmu. Da aka sassauta, ga ta nan tana dawowa. Ni abin da na koya, doka ita kaɗai tana aiki ne muddin mai sanda na tsaye.

Direban Kamiyo (Kusiri): Baba, a lokacin nan mutanenku a cikin riga suke ɓoye gawayi su haye gada, kamar masu safarar zinariya.

Tsohon Ma'aikaci (Njamena): Ba ka yi ƙarya ba, har da surukata.

Ɗan Sola (Garwa): Ni ina ganin ana ta kallon inda abin ya gaza, an manta inda ya ci. Wa ya yi wa mutane wa'azi kafin su sayi sola? Ruwan Lagdo ya ja baya, injinan madatsar da aka gina tun 1982 suka kasa, kuran, wato wutar lantarki, ya riƙa ɗaukewa, kowa ya nemi faranti. Fitilar kananzir yanzu sai ka yi yawo kafin ka ga mai ita a ƙauye. Masu lambun albasa da ke ba da ruwa da inji, tun da Najeriya ta cire tallafin mai a 2023 zuwa-zuwa ta yi tsada, su ke zuwa shagona suna tambayar famfon sola. Ko ɗaya bai taɓa ce min don sauyin yanayi ba, lissafin mai ne. Ga manyan tashoshin sola na Marwa da Gidar ma sun rage mana duhu.

Mahauci (Marwa): In batirin ya mutu ina kuke kai shi?

Ɗan Sola (Garwa): Kawu, nan ka kama ni. Masu jari-bola ke saye, su fasa, su zubar da ruwan a ƙasa, su narka darmar. Na sha ganin yara a wajen. Wannan ba ni da amsarsa.

'Yar Jami'a (Marwa): Akwai misali ɗaya da nake alfahari da shi, don a garinmu aka haife shi. Buhun nan mai ruɓi uku da ake adana wake, wanda ake kira PICS, asalin bincikensa a Marwa aka yi tun wajen ƙarshen shekarun 1980, tsakanin masu binciken aikin gona na Kamaru da jami'ar Purdue ta Amurka. Leda biyu a ciki, buhu a waje, a ɗaure kowanne da kyau, iska ta ƙare, ƙwaro ya mutu, ba a zuba ko ɗigon magani ba. Ya fi buhun gargajiya tsada nesa, amma manoma na saye, domin wake ya kai bazara ba huda, a sayar da shi lokacin da ya yi daraja. Ga shi leda ce, amma ta raba mu da cin guba a cikin alale.

Inna Mai Ƙosai (Garwa): Wannan kam na yarda. Waken da aka zuba wa magani ina jin warinsa tun a jiƙo, kuma na daina saye a wajen mai yin haka ko da ya rage min. Kin ga ashe ni ma ina cikinku ban sani ba.

Malam (Kusiri): Allah ya saka wa kowa. Kalma ɗaya zan ƙara. Kada mu ɗauka kula da ƙasa baƙon abu ne da Bature ya kawo. Addini ya hana almubazzaranci ko da ruwan alwala ne, ya kwaɗaitar da dasa itace, ya sa kawar da ƙazanta daga hanya cikin imani. Dogon yaron da ya yi wa titunan Marwa rumfa, wasu ne suka dasa suka shayar, ba su ga inuwarsa sosai ba. Afirka duka hayaƙin da take fitarwa bai kai kashi 4 cikin 100 na duniya ba, wannan haƙƙi ne da za a bi manyan ƙasashe. Amma ledar da ke ƙofar gidana ba daga Amurka iska ta kwaso ta ba.

Baba Manomi (Gidar): Allah ya gafarta Malam, haka ne. Sai dai bari in koma kan Alhaji, don mun bar shi a tsaye. Alhaji, tsakaninka da Allah, matan da ke shiga daji da rani suna tsinko ƙaron nan cikin ƙaya, nawa kake ba su a koro? Kada ka faɗa a nan in ba ka so. Ina tambaya ne don in aka rubuta sunan ƙauye da sunan mai tsinka, ba bishiya kaɗai za a gani ba, za a ga abin da ya shiga hannun kowa. Ina zargin rabin masu ƙin takardar nan abin da suke tsoro ke nan.

Mai Ƙaro (Njamena): Baba, ka taɓa inda ke ciwo. Gaskiyar magana ni ban san matan ba. Daga hannun dillalai nake saye a ranar kasuwa, su ma daga hannun wasu, kuma kafin ya iso ni an gauraya na wuri biyar. Wani har kitir, ƙaron bishiyar dakwara, yake cakuɗawa da talha, ƙaron bishiyar dushe, alhali na dakwara ya fi na dushe kuɗi, sai mun zauna mun rarrabe. In zan cika takardar nan da gaskiya sai na tsallake mutum biyu na je ƙauyen da kaina, kuma waɗannan mutum biyun su ke ba masu tsinka bashin gero da damina. In na ture su, wa zai ba da bashin? Ni?

Tsohon Ma'aikaci (Njamena): Kai mana. Shi ne kuɗin da Baturen ya kamata ya biya, ba kuɗin takarda ba.

Baƙon Turai (Liyon): Alhaji, shawarata kada ku ƙi, kuma kada ku fara komai a kan “za a duba”. Ƙaron nan babban kamfanin da ke sarrafa shi a duniya yana birnin Ruwan (Rouen), nan Faransa, suna mayar da shi gari su sayar da ninkin abin da suka saya. Ba su da wani abin da ke maye gurbinsa sosai, kuma da halin da Sudan ke ciki su ke buƙatarku. Ku ce a rubuta ƙarin a kwangila, adadi ƙarara, a kuma faɗi wanda zai biya mai zuwa dubawa, don kuɗin masu binciken nan ba kaɗan ba ne kuma duk shekara ake sabuntawa.

'Yar Jami'a (Marwa): Kuma akwai riba ɗaya da ba a lissafa ba. Dakwarar da ke kawo wa ƙauye kuɗi duk rani ba mai barin a sare ta a yi gawayi. Tana riƙe ƙasa, tana ƙara mata ƙarfi, awaki na cin ganyenta. In farashin da ke isa hannun mai tsinka ya faɗi, gatari ne ke biyo baya.

Direban Kamiyo (Kusiri): To a sa a kwangilar a saya min sabuwar mota.

Shugaban Zaure: Direba, an ji. Jama'a a rage barkwanci, Alhaji na neman mafita.

Mai Ƙaro (Njamena): Na gode wa kowa. Ga abin da na yanke. Akwai ƙauyuka biyu bayan Durbali da na san bulamominsu tun zamanin mahaifina, da su zan gwada bana, buhunsu daban, ba gauraye. Sauran kayan su tafi yadda suka saba. Gobe zan rubuta wa mutumin cewa sai na ga adadi a takarda kafin in taka ƙafa. 'Yata ta Marwa, wannan sa alama a taswira da waya, ana iya yi inda babu layin sadarwa? Can ko kira sai an hau tudu.

'Yar Jami'a (Marwa): Ana yi, Alhaji. Wayar da tauraron ɗan'adam take magana, ba ta buƙatar layi, sai dai caji. In an dawo gari a tura. Ku sa yaronku ya yi min magana ta gefe in nuna masa, ba ya ɗaukar rabin awa.

Baba Manomi (Gidar): Ka tafi da gero buhu biyu ranar da za ka je, kada ka je musu da waya kaɗai.

Inna Mai Ƙosai (Garwa): Ɗan Sola, kafin a watse, murhun nan na ƙarfe mai laka a ciki da aka ce yana rage cin itace, akwai wanda zai ɗauki babban kasko? Wanda aka raba mana a unguwa na tukunyar miya ne, na mayar da shi wajen dafa shayi.

Ɗan Sola (Garwa): Akwai maƙeri a bayan babbar kasuwa da ke yi daidai girman kasko, Inna. Ki auna bakin kaskon da igiya ki aiko yaro da ita, ni zan kai masa.